Ruwa A Kan Hanya: Magana Da Masu Kaya Da Direbobinsu



Shugaban taro, iyayenmu dattawan ƙungiya, malamanmu, 'yan'uwa 'yan kasuwa, da ƙannenmu direbobi da muka ga sun cika bencin baya, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Da sakatare ya aiko cewa mu ne za mu yi magana a kan tuƙi cikin ruwa, sai da muka yi dariya. Mu ba direbobin haya ba ne, ba kuma kanikawa ba. Mu masu kaya ne. Amma da muka zauna muka yi lissafin abin da ruwan kan titi ya ci mana a shekarun da muka yi muna ɗora kaya a mota, sai muka ga ashe mun biya kuɗin makaranta har da na littafi. To abin da muka saya da tsada shi za mu raba yau kyauta.

Bari mu fara da ƙasar da muke zaune a cikinta. Yawancinmu nan, ko mu ko iyayenmu, daga ƙasar Kano da Katsina da Daura muka taso muka zo neman abinci, Allah Ya zaunar da mu a Bauchi. Can inda muka fito ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce. In aka yi ruwa sai ya kwanta, ya taru a kududdufi, kana ganinsa yana ganinka. Nan kuwa ƙasar dutse ce. Duk ƙofar da ka fita dutse ne a gabanka, ga Warinje nan cikin gari, ga Zaranda a hanyar Jos, ga duwatsun Dass. Dutse ba ya shan ruwa. Abin da ya zuba a kansa gangarowa yake yi gaba ɗaya, da gudu, ya nemi kwari. Shi ya sa rafin da ka tsallaka da safe babu ko ɗigo, da la'asar sai ka tarar ya hau kan kwalbati yana ruri. Wani lokaci ma ba a yi ruwan a inda kake ba. Kogin Gongola da muke hayewa a gadar Dindima in za mu Gombe, da kogin da ya bi ta Jama'are, duka daga tsaunukan Jos suke fitowa. Sai ka ga rana tana dukanka, ruwan da aka yi jiya a wata ƙasa ya zo ya tare maka hanya.

Ko a cikin gari, sunayen unguwanni sun isa su faɗa wa mai hankali wani abu. Wanda ya ce Fadaman Mada ko Rafin Zurfi, ai ya gaya maka wanda ya riga mu zama a wurin. Mun zo mun yi gini, an zuba kwalta, amma ruwa bai manta hanyarsa ba. Daga Yuli zuwa Satumba, musamman cikin Agusta, yakan dawo ya duba gidansa na da.

Yanzu ga abin da ya same mu. Wata damina, shekarun baya kaɗan, muka yi wa J5 ɗinmu lodin sukari da gishiri da fulawa da sabulu, za ta wata kasuwar ƙauye da ake ratsewa daga titin Ningi. Direbanmu yaro ne mai natsuwa, ya shekara huɗu tare da mu ko madubi bai taɓa fasawa ba. Wajen ƙarfe tara na safe ya bugo waya. Ya ce, "Alhaji, na iso kwalbatin nan, ruwa ya hau kansa." Muka ce motocin wasu ba su wuce ba? Ya ce, "Wata babbar mota ta wuce ɗazu, amma Alhaji ruwan nan tafiya yake yi." Mu kuwa muna zaune a shago, ƙafarmu a bushe, abin da ke ranmu kawai kada kasuwa ta ci ba da mu ba. Muka ce masa, "Kai dai ka cika tsoro. Tun kafin a haife ka ake bin hanyar nan." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, Alhaji."

Ya shiga. A tsakiya mota ta mutu. Ya murɗa makulli sau biyu yana neman ta tashi, a na biyun ya ji ƙara kamar an buga guduma a cikin injin. Yaron mota ya sauka zai tura, ruwa ya kwashe masa ƙafa, Allah Ya sa hannunsa na riƙe da ƙofa. Mutanen ƙauyen ne suka kawo igiya suka jawo su. Sukari da gishiri kuwa, ai kun san abin da ke tsakaninsu da ruwa. Fulawa ta zama ƙulli. Sabulu kaɗai ya tsira. Inji ya buga, sai da muka sayi wani. Ribar daminar nan kaf a kwalbatin nan ta tafi. Abin da ya fi mana ciwo, kafin azahar ruwan ya janye, har 'yan acaɓa na wucewa. Garin neman gira muka kusa rasa ido. Direban bai taɓa gaya mana baƙar magana ba, amma bayan wata biyu ya kawo makulli ya ce ya samu wani aiki. Mun san dalili, shi ma ya san mun sani.

Daga baya muka zauna da bakanikenmu muka ce sai ya fahimtar da mu abin da ya kashe injin. Ga yadda ya yi mana bayani, kanikawan da ke nan su gyara in mun kauce. Mota tana da hanci. Akwai bututun da take shaƙar iska da shi, iskar ta bi ta matata, wadda suke kira eyakilina, ta shiga inji ta gauraya da mai, fistin ya matse su, su kama wuta. Iska tana matsuwa. Ruwa ba ya matsuwa ko kaɗan. In hancin nan ya shaƙi ruwa, ko da cikin kofin shayi ne, fistin zai taso da ƙarfinsa ya tarar da abin da ba ya matsuwa, sai sandar da ke riƙe da shi, watau kwanrod, ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci har ta huda jikin injin. Injin dizal ya fi saurin lalacewa ta wannan hanya, domin matsinsa ya fi na fetur. Mutane da yawa suna tsammani salansa ce ke shan ruwa. Salansa tana iya sha in mota ta mutu a ciki, amma mai kisan shi ne hanci.

A nan ne dattawanmu suke ruɗuwa, Allah Ya ba su haƙuri. Wanda ya saba da Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, ko manyan motocin Steyr da aka riƙa haɗawa a nan Bauchi, yana auna motar yau da ta jiya. Waɗancan suna da tsayi daga ƙasa, kuma wayoyinsu ba su da yawa, in ruwa ya taɓa sai a goge filogi a busar a ci gaba. Ƙananan motocin yanzu cikinsu a ƙasa yake, wasu hancinsu yana nan bayan bamba, kusa da taya. Ga kuma na'urar da ke sarrafa injin, wadda ake ce wa ƙwaƙwalwar mota, in ta jiƙe kuɗinta kaɗai ya isa jarin wani.

Wannan na asarar dukiya ke nan. Na rai ya fi shi. Mu 'yan kasuwa da awo muke gane abu, to bari mu auna ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan, kowa ya taɓa ɗauka ya san nauyinta. Ruwan da zai cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa kilo 1,000, daidai da buhun siminti 20. To ka ƙaddara buhunan siminti ne suke gangarowa suna dukan gefen motarka, ashirin bayan ashirin, ba hutawa. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi da wasu alƙaluma masu sauƙin riƙewa. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, watau ya ɗan wuce idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30, tsawon rular 'yan makaranta, yana iya tafiya da ƙaramar mota. Rula biyu, santimita 60, yana ɗaukar jif da a-kori-kura. Dalili kuwa, mota akwati ce mai iska a ciki. Da ruwa ya kai cikinta sai ta fara yin sauƙi kamar kwalekwale, tayoyi su saki ƙasa, daga nan sitiyari da birki sun zama ado.

Kuma duk wannan lissafi yana aiki ne in titin yana nan a ƙarƙashin ruwan. Ba kullum yake nan ba. A watan Agusta na 2024 ruwa ya yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, titi mai tagwayen hanyoyi da aka kashe wa kuɗi masu yawa, ya tafi da kwalta da ƙasar da ke ƙarƙashinta ya bar rami. In irin wannan titi zai yanke, ina ga kwalbatin ƙauye? Ruwan damina ja ne, ba a ganin ƙasansa. Ramin da zai haɗiye mota da wurin da bai kai idon sawu ba, daga sama fuskarsu ɗaya. Masu sayo kaya daga Legas da Anaca kuma ba su manta da Lokoja ba, a 2012 da 2022, lokacin da ruwa ya rufe hanyar Abuja, manyan motoci suka yi kwanaki a layi, har a 2022 man fetur ya yi wuya a Abuja saboda tankoki sun kasa wucewa. Waɗanda suka yi kwanakin nan a layi sun yi asarar lokaci, wasu kayansu ya ruɓe, amma sun dawo gida da ƙafarsu.

Akwai kuma ruwan da ba ya kama da abin tsoro, wanda ya ɗan kwanta a kan kwalta mai kyau, irin hanyar Jos in an yi ruwa an ɗauke. Shi ne ke kama masu gudu. Abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai fi tafin hannu ba. Zanen da ke jikin taya ba kwalliya ba ne, magudana ce, aikinsa ya kori ruwa gefe don roba ta taɓa kwalta. In gudu ya yi yawa, ko zanen ya cinye, taya ba ta samun damar korar ruwan, sai ta hau kansa. Za ka ji sitiyari ya yi sakwaf a hannunka, motar tana tafiya inda ta ga dama. A wannan lokaci abin da rai ke so shi ne a danne birki a fizgi sitiyari, kuma shi ne ke kifar da mota. Abin yi, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari sosai yana kallon inda kake son zuwa, ka bari gudun ya ragu da kansa har ka ji taya ta kama ƙasa. Da wuya a yi, amma ba wata dabara bayan ita. Wanda ya rage gudu tun kafin ya iso ruwan bai ma shiga wannan jarrabawa ba.

Ku tuna kuma a jiƙaƙƙen titi nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yakan ninka na busasshe, saboda haka tazarar da ke tsakaninka da na gaba ita ma a ninka ta. Ruwan farko na shekara ya fi kowanne santsi, domin ƙurar rani da baƙin man da motoci suka ɗiga wata da watanni su ne ke tasowa su zama kamar sabulu.

Maganar taya kuwa, a nan sai mu masu mota mu sunkuyar da kai. Mu ne muke sayen ta gwanjo don sauƙi, mu ce wa direba ya lallaɓa zuwa bayan salla. A ƙasashe da yawa doka ba ta yarda zurfin zanen taya ya gaza milimita 1.6 ba, kuma a damina ko wannan ya yi kaɗan. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Duba kafin ka biya, kada ƙyallin da mai sayarwa ya shafa mata ya ruɗe ka. Haka robar waifa, kuɗinta bai kai na cin abincin rana biyu ba, amma sai ka ga mota mai lodin miliyoyi direba yana goge gilashi da hula.

To in an iso ruwa ya kwanta, ba ya gudu, kuma ba wata hanya, yaya za a yi? Da farko a tsaya. Tsayawar minti biyar ba ta taɓa karya ɗan kasuwa ba. A sauka a duba, a tambayi mutanen wurin, su suka san inda rami yake da inda bakin kwata yake. A kalli mota irin taka tana wucewa, ba tirela ba. Kuskurenmu ke nan ranar nan, muka auna J5 da babbar mota. In ruwan ya wuce rabin taya, ƙaramar mota ba ta da abin yi a ciki. In bai kai ba, a bari na gaba ya fita tukuna, kada kuma a shiga lokacin da wata babbar mota ke tahowa, domin igiyar ruwan da za ta turo tana iya hawa har hancin taka. A bi tsakiyar titi, nan ya fi tudu, gefe kuwa nan kwata take, yawancinta a buɗe. A sa giya ta ɗaya, mai otomatik ya sa ta a mafi ƙanƙanta, a riƙe totur daidai ba ɗagawa, a tafi kamar tafiyar mutum a ƙasa. Ba canza giya a tsakiya, ba tsayawa. Masu cewa a shiga da gudu don a keta, su ne ke tara ruwa a gaban mota su ɗura mata shi a hanci da hannunsu. In an fita, a riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan ana tafiya a hankali har ya bushe, domin jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa, kuma gara ka gane haka a fili da ka gane a bayan wata mota.

Da dare kuwa mu dai ra'ayinmu kada a gwada sam. Fitila tana dukan ruwa ta dawo, ka ga kamar kwalta ce sabuwa. Ga wayoyin lantarki da iska ke tsinkowa su faɗa ciki.

In mota ta mutu a cikin ruwa, a cire hannu daga makulli. Wannan kalma ɗaya da direbanmu ya san ta, da wataƙila canjin baƙin mai da matata kawai za mu yi. A tura ta waje ko a jawo ta, bakanike ya kwance filogi ya fitar da ruwan, ya duba matatar iska, ya zaro sandar awon baƙin mai. In ya ga man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, sai an zubar. Amma in ruwan yana ƙaruwa yana neman ɗaga motar, a manta da ita da abin da ke cikinta. A kwance bel, a sauke gilashi tun lantarki bai ɗauke ba, a fara fitar da yara, a hau saman mota. Ƙofa ba ta buɗuwa in ruwa ya danne ta daga waje, kada a ɓata lokaci a kanta. Kowa ya ajiye lambar 122 ta hukumar kiyaye haɗurra da 112 ta neman agajin gaggawa a wayarsa.

A cikin gari kuma a ji tausayin na ƙasa. Mai mota ya keta ruwa a Wunti ko bakin Muda Lawal ya wanke mai talla da ɗan makaranta da ruwan kwata, ya wuce ko waiwaye babu, wannan ba halin mutanen kirki ba ne, mu kuma baƙi da aka karɓa hannu biyu bai kamace mu ba. Ruwan ma da ya kwanta a gaban shagunanmu, in aka tona kwatar, ledar wa za a samu a ciki? Mun bar wa kowa amsarsa.

Muna jin wasu suna cewa ai abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Haka ne, ba mu ja ba. Amma malaman da suka karantar da mu a Islamiyya ba su taɓa koya mana cewa ganganci tawakkali ne ba, balle gangancin da za ka yi da ran ɗan wani kana zaune a inuwa. Direba yana ganin ruwa da idonsa, mai kaya yana ganin kasuwa a zuciyarsa, kuma mai kaya ke biyan albashi. Yaron da ke da mata da 'ya'ya biyu a gidan haya, in maigidansa ya ce masa matsoraci, shiga zai yi. Duk dabarun da muka lissafa direbobi sun san fiye da rabinsu. Abin da ba su da shi shi ne izinin tsayawa.

Saboda haka muna roƙon shugabanni a sa abu biyu a cikin abin da za a tattauna yau. Na ɗaya, mu amince a tsakaninmu cewa duk direban ɗan ƙungiya da ya tsaya saboda ruwa, ba za a yanke masa ko kwabo ba, in ya kwana a hanya kuma mai kaya zai biya kuɗin kwanansa da na yaronsa. Na biyu, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, duk wanda motarsa ta riga fita hanyar Ningi ko Gombe ko Darazo ko Dass, direbansa ya bugo ya faɗi halin da hanya ke ciki, sakatare ya sanar da saura kafin su yi lodi.

Mun kuma roƙi biyu daga cikin kanikawanmu su ɗan jira bayan an tashi. Motoci suna nan waje. Kowa ya buɗe bonet a nuna masa inda hancin motarsa yake, ya auna da rula daga ƙasa, ya rubuta. Tamu mun auna ta jiya, rula biyu ce da 'yan yatsu uku.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai kowa gida lafiya.